Fulawar Ngo da Kyanwar Baba

Gidan hayar da muka zauna a Tudun Wada ba shi da silin. Bango yakan tashi ya tsaya a hanya, tsakaninsa da kwanon rufi a bar fili, don haka babu abin da ake yi a wani ɗaki da ba a ji a na kusa da shi. Ni kuwa ba fita nake yi ba, kuma Allah ya yi ni da kunne. Ina zaune ina tsince shinkafa na san wanda ya tashi da fushi, na san wadda miyarta ta kama, na san tarin kowa a gidan. Ɗakunanmu biyu ne, ɗaya namu ni da maigidana, wanda tela ne a kasuwa, ɗayan na mahaifina. Bayan bangon Baba sai ɗakin Ngo da mijinta. Ngo muke ce mata, yadda mutanensu 'yan asalin ƙasar ke kiran uwa, kuma a shekaru ta isa ta haife ni.

Baba ya zo ƙasar Jos yana saurayi don aikin kuza. A rami ya ƙarar da ƙarfinsa, ya fito da ƙirji mai kuka kamar tsohuwar ƙofa. Da Inna ta rasu muka ɗauko shi daga Bukuru. Bai zo da komai ba sai akwatin ƙarfe da buta da kyanwa, wata fara mai baƙin kunne ɗaya. Heluma yake ce mata. A wajen haƙar kuza heluma shi ne mai tsayawa a bakin rami, hannu a baya, yana kallon masu aiki.

"Dube ta," in ji Baba. "Ba ta riƙe diga, ba ta ɗaukar kwano, amma ita ke fara cin abinci."

Da gaske kuwa ita ke farawa. Tun rasuwar Inna, Baba ba ya iya cin abinci shi kaɗai. In na kai masa tuwo sai ya gutsura ya sa mata a marfin kwano, in ta ci sannan ya kai nasa baki. Loma ita, loma shi, yana yi mata faɗa tana lashe hannu. Ranar da ta tafi yawonta ba ta dawo da wuri ba, haka abincin zai huce a gabansa. In sanyi ya sauko kuwa, a kan ƙafafunsa take kwana, yana cewa ta fi bargo don bargo ba ya numfashi. Aibinta ɗaya ne: duk abin da yake kore sai ta tauna. Ganyen albasar da na dasa a gwangwani, alayyafon miya, har bakin sabuwar tsintsiya. Kuma kan bangon nan hanyarta ce. Kulle ƙofa ba ya hana ta shiga ko'ina.

Mijin Ngo gadina ne, mai kula da lambu, a gidan wani Bature na kamfanin kuza. Shi da Baba ba su iya gaisuwa kamar sauran mutane ba. Da safe in ya turo kekensa zai leƙa ta ƙofar Baba.

"Sarkin rami! Yau ma ba ka mutu ba?"

"In mutu in bar ka da wa, sarkin ciyawa? Wa zai riƙa gaya maka ganye miya ake yi da shi, ba wanka ake masa ba?"

"Kai da ka tone ƙasarmu duka ka sayar, ko rogo ba ka shuka ba."

"Tafi, tafi, ciyawar Bature tana jin ƙishirwa."

Sai ya tafi yana dariya, Baba kuma ya yi ta tari don dariyar ta fi ƙarfin ƙirjinsa. Abu ɗaya ne Baba yake jin haushinsa da gaske. Mutumin nan ba ya barin kyanwar ta raɓi ƙofarsa. Da ya gan ta sai tafi da buga ƙafa. Har wayar raga ya samo ya toshe saman bangonsa da ita. Baba yakan ce, mutum mai kirki haka amma ya tsani kyanwa, to akwai abin da ya rage masa.

A daminar shekarar da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula, ruwa ya doke shi a kan keke tun daga gidan Baturen har gida. Ya kwanta da zazzaɓi, abin ya koma haƙarƙari, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ranar da za a kai shi makwancinsa, Baba ya ce in fitar masa da kujera bakin ƙofa. Ya zauna cikin bargo yana kallon 'yan cocinsu suna shiga suna fita suna waƙa a hankali. Yana nan har tsakar gidan ta zama fayau. Sannan ya ce, "Kullum ni yake tambaya. Ashe shi ne a gaba."

Bayan an share makoki dangin mijin suka zauna, suka ce Ngo za ta koma ƙauyensu, can bayan Bukuru a cikin duwatsu. Babu mai biya mata haya a gari, ɗanta kuma soja ne yana nesa. Aka ce in ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, mota za ta zo ta kwashi kayanta.

Wata rana da hantsi ta kira ni ta saman bango. "'Yata, in kin gama zo."

Na sha shiga ɗakin Ngo, amma ranar an tattare kaya an ɗaure, sai ɗakin ya zama na tukwanen fulawarta biyu. Ɗaya a rabin duro take, a lungu nesa da taga. Wani dogon abu ne mai kara kamar rake, ya fi ni tsawo, ganyensa faffaɗa, kore da ɗigon fari kamar an yayyafa masa nono. Ɗayar ƙaramar tukunyar ƙasa ce a kan kujera, ganyen siriri-siriri ya zubo ta ko'ina kamar gashin da aka tsefe ba a kitsa ba. Mu dai fulawa muke ce musu duka, ko da yake ban taɓa ganin ɗayansu ya yi fure ba. Don rarrabewa Ngo takan ce dogo da mai gashi.

"Ba zan iya tafiya da su biyu ba," ta ce. "'Yan'uwansa sun ce motar ta kaya ce, ba ta ciyawa ba. Ɗaya zan riƙe a cinya. Ɗaya ki zaɓa ki riƙe mini."

Na ce, "Ngo, ni me na sani a kan fulawa? Albasa ma da ƙyar take rayuwa a hannuna."

"Zan gaya miki. Zauna."

Ta fara da mai gashi. Wannan, in ji ta, jariri ne. Ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son ƙasarsa ta bushe ko na yini ɗaya, kuma ba ya son a cika masa ruwa ya kwanta a ciki. Kaɗan-kaɗan, safe da rana da yamma, har a yayyafa wa ganyen. In aka manta da shi sai ya yi ja ya kakkaɓe. Na tuna famfon unguwarmu, wanda da rani sai ya yi kwanaki yana huci babu ko ɗigo, na ce a raina wannan ba nawa ba ne.

"Dogo kuwa," ta ce, ta ɗora hannu a bakin duron, "ba shi da fitina. Ki ba shi ruwa ranar Lahadi, ko ke ranar Juma'arku, shi ke nan. Ki goge masa ganye da tsumma in kin tuna. Ko kin yi tafiya kin dawo za ki same shi a tsaye. Waje ne kawai ba ya so. Rana tana ƙona shi, ƙanƙara tana yaga shi."

"To ai magana ta ƙare. Ki bar mini dogo."

Ta saki bakin duron. Ta zauna a kan ƙullin kaya, ta kama bakin zanenta tana murzawa.

"Shi nake so ki ɗauka," ta ce. "Ba zan ɓoye miki ba. Da marigayi ya kawo shi bai wuce gwiwa ba. Kullum sai ya tsaya kusa da shi ya gwada, ya ce wata rana sai ya taɓa kwanon rufi. Ko ganye ɗaya bai yarda a cire ba sai wanda ya faɗi da kansa. Ba zai shiga mota a tsaye ba, in an kwantar da shi ya karye. Ina so in san yana nan a gidan nan a tsaye. Amma akwai magana. Kin san abin da ya sa yake korar kyanwar Baba?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ƙi ba ne. A gidan Baturen akwai ɗan kare, na matar. Ya tauna ganyen nan. Bakinsa ya kumbura, harshe ya cika baki, yana ta dalala, ko ruwa ba ya wucewa. Kafin a kai shi wajen likitan dabbobi ya tafi. Shi ya sa matar ta ce a fitar da itacen a yar, shi kuma marigayi ya ɗauko. Ruwan jikinsa wuta ne. Mai gashi kuwa ko kyanwa ta cinye shi duka, babu abin da zai same ta."

"Me ya hana shi gaya wa Baba?"

"Ya ce in ya faɗa, tsohon nan zai ce ya ajiye guba a gida, ba zai sake samun bakin tsokanarsa ba."

Muka yi dariya, dariyar ta juye mana kuka.

Na ce ta bari in yi shawara. A raina kuwa na riga na ga yadda abin yake. Sauran 'yan hayar duk masu yara ne masu rarrafe, ba wanda za a ba. Mu ne ba mu da ƙaramin yaro, amma muna da Heluma. Mai gashi in ya bi Ngo ƙauye mutuwa zai yi, don ta sha ba ni labarin yadda suke gangarawa rafi da tulu su hauro dutse. Dogon da zai iya jure ƙauye ba ya tafiyuwa. Kowanne ya dace da inda ba zai je ba.

Da yamma na gaya wa maigidana. Shi mutum ne mai son a gama magana da wuri. Ya ce a ciri ganye ɗaya a ba akuyar maƙwabta, in ta ci ta kwana lafiya to labarin Turawa ne kawai. Ngo ta jiyo mu, ta amsa ta saman bango.

"Tela, akuyar nan jiya na ga tana cin kwalin sabulu. Ita za ka tambaya?"

Ya ce to a sa waya a saman bangonmu kamar yadda marigayi ya yi. Na ce ƙofarmu fa, da nake shiga ina fita da ita sau ba adadi, kyanwar tana bin ƙafata? Ya ɗaga kafaɗa ya ce mu muka sani.

Ban yi niyyar kai wa Baba maganar ba, na manta cewa shi ma kunne gare shi kuma gadonsa a jikin bangon Ngo yake. Da na kai masa tuwo ya ce in zauna. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, na ji komai. Gobe ki sa a kai Heluma Bukuru wajen ƙanwarki. A shigo da itacen nan ɗakina."

"Baba, wane irin zance ne wannan?"

"Zancen da kika ji. Shekara nawa ina zagin mutumin nan a kan kyanwa, ashe gadinta yake yi. Yanzu matarsa ta roƙi abu ɗaya. Ɗaya tak. A ce mata babu wuri saboda dabba?"

"Ba za ka ci abinci ba."

"Da can da ban san ta ba, ƙasa nake ci?"

Kyanwar tana zaune a gefensa tana jiran lomarta. Ya gutsura ya sa mata, bai dube ta ba.

Na yi ta roƙonsa, na ce a bari in ɗauki mai gashi, ko daga rijiyar masallaci ne zan sa a riƙa ɗebo masa ruwa. Ya ce ba mai gashi ta roƙa ba. Ngo ma da ta ji ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ban ce a kori kowa ba." Ya ce mata, "Ke ba ki ce ba, ni na ce. Tashi, gwiwarki ba ta yarinya ba ce." In Baba ya yi magana da wannan muryar, ko Inna ba ta ƙara masa.

Washegari maigidana ya sa kyanwar a kwando ya rufe da buhu ya ɗaure. Tun daga tsakar gida take kuka, ina jin kukan har ya sha kwana zuwa inda ake shiga motar Bukuru. Baba ya juya fuska bango. Da rana maza suka taru suka ciccibo duron, suna nishi suna tambaya ko kuza aka ɓoye a ciki, suka ajiye shi a lungun ɗakin Baba. Ganyen saman ya kusa kai ƙarshen bango. Ɗakin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ngo ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta gyara wani ganye da ya lanƙwashe, ta yi godiya har da hawaye.

Baba bai ƙi abinci ba. Da ya ƙi da na san yadda zan yi da shi, don na iya faɗa. Abin da yake yi shi ne, in na ajiye kwano sai ya yi bisimilla, ya gutsura, ya miƙa hannu ƙasa gefen gado inda marfin yake zama. Sai hannun ya tsaya a nan. Can ya dawo da lomar ya ajiye a bakin kwano, ya ce tuwon ya yi zafi, bari ya huce. In na dawo ɗaukar kwano sai in tarar da loma ɗaya a gefe, sauran ba a taɓa ba. Na dama kunu, ya kurɓa ya ajiye. Na yi farfesu da naman da maigidana ya sayo musamman, ya ce gishiri ya yi yawa, ni kuwa na san ban sa ba.

Ruwa ya ɗauke, sanyin Jos ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na ƙara masa bargo, na cika kwalba da ruwan zafi na naɗe a tsumma na sa masa a ƙafa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya ture ta gefe da ta huce. Tarin ya ƙaru. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Wani lokaci ina jin sa yana yi wa dogon magana. "Sarkin ciyawa, ga ka ga ni. Ka ce wani abu mana." Sai ya kasa kunne kamar mai jiran amsa. Sannan ya ce, "Ai shi ke nan." In kuwa wani abu ya motsa a saman kwano, ko ƙadangare ne, sai in ji gadon ya yi ƙara, ya ɗago.

Na ce masa zan aika a dawo da ita. Ya ce in na yi haka bai yafe ba. Ban sake tayar da maganar ba, kuma ban gaya wa Ngo komai ba. In ta tambaye ni jikin Baba sai in ce da sauƙi. Amma kanta da nasa bango ɗaya ne tsakani.

Ana gobe motar za ta zo, da safe ina shara, sai ga Ngo ta fito da wuƙar girkinta, da tsumma naɗe a hannuwanta biyu, da tsohon buhu jiƙe da ruwa. Ba ta gaishe ni ba. Ta yi sallama a ƙofar Baba ta shiga, na yar da tsintsiya na bi ta.

"Baba, na zo ɗaukar kayana."

Ya dubi wuƙar. "Me za ki yi?"

"Zan tafi da shi."

"A haka? Ke kika ce ba ya shiga mota."

"A tsaye ne ba ya shiga."

Baba ya yunƙura zai tashi, tari ya mayar da shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Kada ki taɓa shi. Mutumin nan ko ganye bai yarda a cire ba. Na ba shi wuri, me kuma ya rage?"

"Ina jin ka," ta ce. "Kullum ina jin ka. Ina jin kwano yana shiga, ina jin yana fita da nauyinsa. Na binne ɗaya a daminar nan. Ba zan hau mota in bar wani yana bin sa saboda ganye ba. In na je can me zan ce masa? In ce na kashe masa abokin faɗa?"

"Ni na ce na yarda."

"Ni ban yarda ba. Nawa ne ko naka?"

Baba ya kawar da kai.

Ta sa hannu ta kama karan daga sama. Ta daɗe a haka, har na ɗauka ta fasa. Sannan ta sa wuƙa. Kan ya faɗo da ganyensa duka a kan tabarmar sallar Baba, na yi sauri na janye ta. Ta ci gaba da yanka, gaɓa-gaɓa, kowanne kamar tsawon tafin hannu, tana jerawa a kan jiƙaƙƙen buhun. Tana yi tana magana, ba da mu ba. Ta ce ta ga mijinta yana yi wa na Baturen haka, in an kwantar da gaɓa a ƙasa mai laima takan yi tsiro, wata ta yi wata ta ruɓe. Ta ce ba ta sani ba ko hannunta zai karɓa. Ta ce ya yi haƙuri, bai taɓa kwanon ba, saura kaɗan. Ruwan karan yana ɗiga yana jiƙa tsumman hannunta. Da ta kai gindi ta sa wuƙar ta tono saiwar, ta ce kada a bar komai da zai sake fitowa.

A nan ne hawaye ya cika mata ido, ta manta, ta kai bayan hannu ta share.

Ƙarar da ta yi ban taɓa jin irinta a bakin babba ba. Ta saki wuƙar ta dafe fuska. Na rasa abin yi, sai Baba ne ya daka mini tsawa, "Buta! Ɗauki butata!" Na kwantar da kanta a cinyata a bakin ƙofa, na buɗe idon da yatsa ina tsiyaya ruwa. Butar ta ƙare, matan gidan suka kawo nasu, muka yi ta zubawa har zanena ya jiƙe sharkaf. Tana cewa, "Wayyo, wuta, wuta," can kuma sai ta ce, "Kin gani? Kin ga abin da zai shiga bakin kyanwa?" Wata daga cikin matan ta ce a kai ta asibiti. Ngo ta ce ba ta sake taka asibitin nan. Zuwa azahar zafin ya lafa, tana gani, amma idanun sun kumbura sun yi jawur.

Da la'asar ta dawo da ƙaramar tukunyar a hannu, tana lalube da ƙafa. Ta ajiye ta a inda duron ya tashi.

"Ga jaririn," ta ce mini. "In ya mutu ba laifinki. Na san famfonku."

Baba yana kwance yana kallon rufi. Ya ce, "Sau nawa kika ce yana shan ruwa?"

"Kaɗan-kaɗan, Baba. Safe, rana, yamma."

"Uwata, matso da shi nan gaban gado. Ɗauke kwanon nan." Kwanon da yake alwala a ciki yake nufi, tunda ya daina iya fita. "Ruwan da nake zubarwa kullum ai ya ishe shi. Sai dai in ba ya shan ruwan Musulmi."

Ngo ta yi dariya da kumburarrun idanunta. "Mai shi ma ya sha kununku na azumi shekara da shekaru."

Ya ɗauki buta ya yi alwalar la'asar a kan tukunyar, ruwan yana bin yatsunsa yana sauka a ganyen. Ngo ta tsaya har ya gama. Ta ce kada ya cika, ya ce ta tafi ta koya wa wani.

Motar ta zo da sassafe. 'Yan'uwan mijin suka loda gado da tukwane da keken. Ngo ta shiga gaba, buhun a cinyarta, ta rungume shi da hannu biyu. Matan unguwa da suka fito sallama suna ta cewa, dubi idonta, baiwar Allah ta kwana kuka. Ba wanda ya gyara musu. Ta riƙe hannuna ta taga ta ce in riƙa juya tukunyar don kowane gefe ya ga haske, ta ce in gaishe da Baba, ko da yake yanzu ta fito daga wurinsa. Na ce in ya yi tsiro ta aiko a gaya mini. Ta ce to. Saƙon bai taɓa zuwa ba, ni kuma ban san wanda zan tambaya ba.

Ranar maigidana bai buɗe shago ba, ya tafi Bukuru. Ƙanwata ta ce tunda aka kawo kyanwar tana ƙarƙashin gado, sai an bar ɗakin take fitowa. Da ya kwance buhun a tsakar gida ta yi tsalle ta fita, ta tsaya tana kallonmu kamar ba ta san mu ba. Ta rame ita ma. Sannan ta bi jikin bango ta shige ɗakin Baba.

Na zubo tuwo na bi ta. Na same ta ta haye gado ta zauna a kan ƙafafunsa. Na ɗauka zai yi mata faɗan nan nasa, ya tambaye ta inda ta je ta bar aiki. Bai yi ba. Ya ɗora mata hannu a baya kawai. Na ajiye kwanon, na mayar da marfin wurinsa a gefen gado. Ya gutsura ya sa mata, ta sauko ta ci. Ya gutsura ya kai bakinsa, ya daɗe yana taunawa kafin ya haɗiye.

"Uwata," ya ce, "sun yi nisa yanzu?"

Na ce ai sun isa tuni.

Ya jinjina kai. Ya sake gutsura, hawaye yana bin gemunsa yana sauka a bargo. Bai share ba. Na zauna a bakin ƙofa har ya cinye.